Ranar da Koci Ya Ba Albasa Ruwa

Cikin duk shekarun da na yi ina jami'in wasanni a ƙaramar hukumar Goronyo, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Asabar ta rani, a shekarun da aka fara sako ruwan dam zuwa gonaki. Ku da kuka shigo aikin yanzu kun tarar da riguna da takalma, to mu da ƙafar Allah yaranmu suka fara.

Ƙungiyarmu ta matasa ce, 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. Tsarin shi ne a fara bugawa da maƙwabta, wanda ya fito ya tafi Sakkwato wasan ƙarshe, wanda ya ci a can ya wakilci jiha a gasar ƙasa. Mun fitar da Rabah, mun fitar da Wurno da ƙyar da jiɓin goshi. Kocinmu Malam Bitrus ne, malamin firamare daga Filato, gajere mai faɗan tsiya. Shi ya tsinto yaran nan ɗaya bayan ɗaya, kuma tun da na san shi ba shi da zance sai na ranar da zai kai su Sakkwato.

Ana jibi wasan Sakkwato, mai tsaron gidanmu Sanda, ɗan garin Shinaka, ya same mu a bakin fili ya ce ba zai je ba. Na hau shi da faɗa, don ni ma a lokacin ba ni da haƙuri. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, Asabar ab bi da mu ga ruwa. Baba na kwance da karaya. In nit tahi, wa ka ba albasa ruwa?"

Ga wanda bai san noman rani ba, ruwan magudana bi da bi ake ba da shi. Ranar da aka buɗe wa layinku, ko ka shayar da gonarka ko ka jira zagayowa, kuma albasar da aka dasa kwanan nan ba ta jira. Na je wurin mai rabon ruwa na roƙi a canza musu rana, ya ce in ya taɓa layi ɗaya sai ya taɓa duka. Maƙwabta kuma ranar kowa yana cikin tasa gonar. Albasar nan ita ce abincin gidan su Sanda na shekara, mu kuma ba mu da wani mai tsaron gida da za a kalla.

Na dawo na gaya wa Malam Bitrus. Can ya ce mini, "Kai ne doka ta ce sai ka gabatar da yara gaban masu tantancewa. Ni ba a ce dole ba. Ka tafi da su, ni zan tsaya."

Na ce, "Malam, kai da ka yi shekaru kana jiran wannan rana?"

Ya ce, "Yaran na koya wa ƙwallo, ba ni zan buga ba. Ka dai bar bakinka, kar ka canza mini kowa."

Haka muka tafi ba shi. Ni da ban taɓa jan ƙungiya ba na zauna a bencinsa. Aka tashi babu ci, aka je bugun fenareti, Sanda ya ture biyu, muka ci kofi. Ban san lokacin da hulata ta faɗi ba.

Da la'asar sakaliya muka dawo. Sanda ya roƙi direba ya bi ta gonarsu, yara suka sauka da kofi a ka. Muka tarar da Malam Bitrus ya naɗe wando, taɓo har gwiwa, tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. An ɗauko Baba Magaji, mahaifin Sanda, an kwantar da shi a inuwa, yana ta ba da umarni: "Toshe wanga fangali, Malam, ya ƙoshi! Buɗe na gaba!" Mutumin da ke yi wa kowa tsawa, sai "To, Baba" yake cewa.

Da ya ɗago ya ga kofin, sai ya sa bayan hannu ya share ido, ya shafa wa fuskarsa taɓo. Baba Magaji ya ce, "Mi a wanga kwano da kunka ɗauko?" Aka gaya masa. Ya ce, "Madalla. Ku aje shi ku kama ma Malam, ruwa na wucewa." Yaran suka tuɓe rigunan wasa suka faɗa gona, ni ma na cire takalmi.

Mun je gasar ƙasa, an fitar da mu tun zagayen farko, kuma wannan karon Malam Bitrus na kan bencinsa yana faɗa. Amma tun daga ranar, kafin in sa yaro a ƙungiya sai na je gidansu na ga abin da zai bari a baya in ya bi mu. Ku ma ku riƙa zuwa. Albasar ta yi kyau a shekarar, kuma har Malam Bitrus ya koma garinsu, Baba Magaji bai taɓa kiransa koci ba, sai dai ya ce "ɗana".