Askar da Baba Ya Karya

Babana wanzami ne a unguwar Nima, amma ya yi shekaru yana miƙa wa likitan tiyata kayan aiki a wani asibiti, a can ya koyi ɗinkin rauni. Shi ya sa ake ce masa Dokta. Duk wanda aka sara a lungu, gidanmu ake kawo shi, kuma Baba ba ya tambayar wa ya fara. Bai taɓa dukan kowa ba, har ni, ko da yake na sha ba shi dalili.

Zabirarsa, jakar fatar da yake ajiye asake, daga kakansa ta fito, kuma ni kaɗai ne namiji. Kowa ya san ni zan gada. Tun ina ƙarami yake ba ni labarin wani gari inda ƙarfe ke magana. A garin, askar da ta sha jinin fushi kuka take yi, ba ta ƙara warkar da kowa. Dariya nake masa.

Ina ɗan shekara sha tara, samarin majalisarmu suka yi rigima da na unguwar Maamobi a kan filin ƙwallo. Bayan la'asar na zare aska ɗaya daga zabira, na ce tsoratarwa kawai zan yi. A bakin babbar kwata wani dogon saurayi ya shaƙe ni, na kai masa yanka a kumatu.

Na bi lunguna na gudu gida, na tarar abokansa sun riga ni kawo shi. Ina kuma za su kai shi? Ga shi a kan bencin Baba, jini ya jiƙe masa riga. Baba ya dubi yankan sau ɗaya. Ya san aikin askarsa.

"Zo ka riƙe masa kai," ya ce mini.

"Baba, shi ya fara."

"Ban tambaye ka ba. Riƙe. In ya motsa, bakinsa zai karkace."

Na riƙe. Saurayin ya harare ni, ya ce ta gefen baki, "Ɗan Dokta, kasuwarku ta yi kyau. Kai ka yanka, tsoho ya ɗinka."

"Yi shiru, ɗana," in ji Baba. Da shi yake, ba da ni ba.

Da aka gama Baba ya miƙo mini hannu, na ba shi askar. Ya sa ta ƙarƙashin ƙafar benci ya karya. Na jira mari, bai zo ba. Na jira maganar zabira, bai yi ba, ranar ko bayanta.

Saurayin ya riƙa zuwa wankin rauni. Aka cire zare, bai daina zuwa ba. Wata safiya na tarar da shi yana wasa asake, Baba na gyara masa riƙo. Na juya na hau trotro, motar haya, sai Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Da dakon kayan mota na fara, yau ina da shagona. Ƙarfe nake sayarwa, kuma na san ƙarfe ba ya magana.

Baba ya rasu kafin a haifi ɗana na fari. Ranar suna, mutumin nan ne ya zo yin askin jariri, zabirar a kafaɗarsa, tabon a kumatunsa. Na kasa zama. In fita ƙofa, in dawo, in sake fita.

"Alhaji, wannan zirga-zirgar fa?" ya ce. "Zo ka riƙe masa kai, ai ka iya."

Na durƙusa na riƙe. Da ya buɗe zabirar na leƙa. Kowace aska tana gurbinta, sai gurbi ɗaya da har yau ba a sa komai ba.