Ranar Da Iska Ta Shiga Hijabina

Har na yi ritaya daga koyarwa ban taɓa ganin teku ba. A Ƙofar Kuyambana aka haife ni, aka kai ni aure Ƙofar Kibo, duk cikin birnin Zariya. Ruwan da na sani shi ne Galma idan ta cika da damina, ita ma daga kan gada, ina cikin mota.

'Yata ta fari tana aure a ƙasar Ailan, can Turai, inda mijinta yake aikin likita. Da ta haihu suka aiko mini da tikiti na je wankan jego. Kwana arba'in na yi a ɗaki, daga dafa ruwan zafi sai dama kunun kanwa. Saura kwana uku in dawo, surukina ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar falo, kansa a ƙasa.

"Mama, bai kamata ki koma ba ki ga komai ba. Akwai wani wuri a bakin teku, tafiyar awa biyu ce. Mu je da safe mu dawo kafin magariba."

Na ce a'a, na gode. 'Yata ta sa baki, ta ce ita ba za ta fita da jaririya cikin sanyin nan ba, amma ni in daure in je. Shekara huɗu da aurensu, ni da yaron nan ba mu taɓa haɗa ido ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Ga shi za a bar mu mu biyu a mota. Kunyar musu da shi ce ta sa na amsa.

Na zauna a baya. Muka bar birni muka shiga wata siririyar hanya, hagu da dama ciyawa shar, ga tumaki ba makiyayi. Da muka isa ya buɗe mini ƙofa, iska ta fizge ta daga hannunsa har motar ta girgiza. Tun a nan gabana ya faɗi. Na saka doguwar rigar sanyi, na ɗora babban hijabina mai kaiwa idon sawu, irin wanda nake zuwa Islamiyya da shi.

Muka bi mutane muka hau wani tudu. A can sama an jera faffaɗan duwatsu a tsaye kamar katanga, tsayinsu ya kai ƙirjina. Na dafa na leƙa.

Ƙasa ce ta zo ta ƙare, kamar an sa wuƙa an yanke ta. Baƙin dutse ya miƙe tsaye ya yi ƙasa, ya yi ta tafiya, sai can nesa ruwa yana dukan gindinsa yana farin kumfa. Abin da ya fi ruɗa ni tsuntsaye ne. Suna shawagi, amma a ƙarƙashina suke, bayansu nake gani. Ƙarar ruwan kuma ba a kunne kawai nake jin ta ba, har a tafin ƙafata. Jiri ya ɗebe ni. Na ja da baya ina salati.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau," na ce. Da na faɗi gaskiya a lokacin da shi ke nan.

Ya ce idan muka ƙara gaba kaɗan an fi ganin wurin, kuma mutane ba su da yawa. Ya wuce, na bi shi a baya. Katangar dutsen ta ƙare. Akwai allo da aka rubuta gargaɗi a kai, na karanta shi sarai, amma na ga Turawa suna wucewa har da tsofaffi masu sanda, sai na ci gaba da bin sa. Hanyar ta koma 'yar siririya mai taɓo. Ta dama waya ce ta shingen wata gona, ta hagu ciyawa ce mai gangare, taku kaɗan, daga nan babu komai.

Ba mu yi nisa ba sararin sama ya canza. Yayyafi ya fara zuwa a kwance yana dukan fuska. Surukina yana gabana da kamar taku goma, ya juyo yana cewa mu koma. Ban ji ƙarshen maganarsa ba.

Iska ce ta zo ta wajen gonar, ta shiga ta ƙasan hijabina ta cika shi. Na ji an ɗaga ni kamar an tallabe ni ta baya. Gaban hijabin ya tashi ya lulluɓe mini fuska, na daina gani. Na yi taku biyu ko uku ba da sona ba, takalmina ya zame, na zube a kan gwiwa. Ciyawar jiƙe take, sai na ji ina sulalewa a hankali. Na cusa yatsuna cikin ƙasa, ciyawar tana tugewa tana biyo hannuna. Ban san ina ne gaba ba, ban san ina ne baya ba. Ƙarar ruwan ce kawai nake jin ta matso.

Na yi kalmar shahada. Na tuna ko wasiyya ban bari ba, na tuna ba za a ma sami abin da za a yi wa sutura ba. Na yunƙura zan miƙe in gudu, ba tare da na san inda zan nufa ba.

"Mama, kada ki tashi! Ki kwanta! Ki kwanta rub da ciki!"

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan. Na kwanta, fuskata cikin taɓo. Iska tana ta jan hijabin, yana shaƙe ni a wuya. Can sai na ji hannu ya damƙi idon sawuna da ƙarfi har ƙashi.

"Na riƙe ki. Ki cire hijabin."

Na yi jim. Ko a wannan hali sai da na yi jim.

"Don Allah Mama ki cire, shi yake jan ki!"

Na saki ciyawar da hannu ɗaya, na tura yatsa ƙarƙashin haɓata na ture shi sama. Iska ta ƙarasa. Idona ya buɗe daidai lokacin da hijabin ya tashi, ya yi juyi sau biyu a sama, ya wuce bakin dutsen ya yi ƙasa. Ban ga inda ya sauka ba. Abin da na gani shi ne bakin, yana gabana, tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu sau biyu ba. Kuma can na fuskanta lokacin da na so miƙewa.

Surukina ma a kwance yake, ya saƙala ɗaya hannun a jikin wayar shingen. Ya ce in ja jiki da baya, kaɗan-kaɗan, kada in ɗaga kai. Haka na yi ta ja yana jan ƙafata, har na ji cikina ya hau kan hanya. Da rarrafe muka koma inda katangar take. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya tana yi mini magana, ina ganin bakinta yana motsi, ban gane ko kalma ɗaya ba, ni da na koyar da Turanci shekara da shekaru.

Ya cire rigarsa mai hula ya ba ni na rufe kaina. A mota ya kasa saka makulli. Wayar ta tsaga masa tafin hannu, jini yana ɗiga a kan wandonsa. Ya kifa kai a sitiyari ya ce, "Mama ki yafe mini. Ni na kawo ki."

Na ce, "Ni na biyo ka da ƙafata. Miƙo hannun." Na kwance ɗankwalina na ɗaure masa. Sannan na ce kada ya faɗa wa matarsa, mai shayarwa ce, tashin hankali zai iya ɗauke mata nono. Amma muna shiga gida ta dube mu, ta dubi taɓon da ke jikina, ta ce, "Ina hijabinki?" Sai na fashe da kuka.

Bayan na dawo Zariya da kamar wata guda, na hau keke napep daga Ƙofar Kibo zan je dubiya. Mai keken ya ɗan taka, iska ta shigo ta ɗaga gefen mayafina. Ban san lokacin da na ƙwalla ihu na ƙanƙame matar da ke kusa da ni ba. Ya taka birki, kowa ya juyo.

"Hajiya, me ya faru?"

Na ce babu komai, ya sauke ni a nan. Na biya shi na ƙarasa da ƙafa, ina bin gindin katangar gidajen mutane.