Ludayin 'Yar Dundaye

Yau kasuwa ba ta da zance sai na fitilu. An fafe alkukai a jikin katangu tun daga bakin kasuwa har Hubbare, an jera fitilun kasko. Sarkin kasuwa ya yi shela: duk mai sayar da man gyaɗa ta ba da ludayi guda, da shi za a riƙa kunna su.

Mai karɓar man yana zagayawa da tulunsa, ga shi yanzu gaban wata gajeriyar tsohuwa, damatsanta kamar na maƙeri saboda matsar mai, zanen saƙinta duk maiƙo. Na ji ana ce mata 'yar Dundaye.

Ba ta zuba ba. Ta shinshina bakin tulun, ta yatsine fuska.

"Ɗana, wanga mai ya kwana biyu, hayaƙi za shi yi. Ba ni gama nawa da shi."

Sai ta cika ludayinta fal, ta tara tafin hannu a ƙarƙashinsa, tana ratsa taro tana "Gafara dai!", muna biye da ita muna dariya, har alkukin farko. Ta yi ɗage ta zuba, ko ɗigo bai zube ba. Kai, ina jin tun tana budurwa ba a taɓa kushe man matar nan ba!

Wani ya ce, "Inna, tsaya mana ki ga an kunna."

"Ni? Kafin magariba na kai gida." Ta ɗauki gammonta. "Ku dai ku duba wadda ta fi haske, ita ce tawa."