Shekara Bakwai Bayan Malam Isiyaku, Mutumin da Ya Kasa Tallar Littafinsa

A wannan watan Malam Isiyaku ya cika shekara bakwai cif a makwancinsa na Bungudu. Na ce cif ne don girmama shi. Da na ce "kimanin", da ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da jar biro, ya rubuta a gefe cewa ko dai na sani ko ban sani ba. Tare muka yi koyarwa a Tsafe tun muna samari, shi yana koyar da aikin gona, ni ina fama da yara a kan nahawu, har furfura ta sallame mu duka biyu.

Da ya ajiye alli, maimakon ya nemi inuwa da tabarma kamar sauranmu, sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya shiga Furfuri da Karakkai da ƙauyukan da ke bayansu. Yakan zauna da tsofaffin manoma a gindin rumbu yana tambayarsu irin dawa da geron da iyayensu suka shuka: wanne ke jure fari, wanne tsuntsu ba ya so, wanne ne tuwonsa ke kwana bai saki ba. Shekara goma yana wannan yawo, yana rubutawa. Kafin ya gama, ciwon suga ya fara taɓa masa ido, likita kuma bai ɓoye masa komai ba. Daga nan burinsa ya zama guda ɗaya, a buga littafin ya karanta da idonsa tun idon bai tafi ba.

Wani kamfanin buga littattafai a wata jiha ya amsa wasiƙarsa. Suka ce kada ya turo musu littafin tukuna, ya fara turo takardar gabatarwa. A ciki ya faɗi abin da littafin ya ƙunsa, da waɗanda za su karanta shi, da abin da ya bambanta shi da waɗanda aka riga aka buga, da dalilin da ya sa shi ne ya dace ya rubuta shi. Sai ya haɗa da babi ɗaya don a ɗanɗana.

Takardar da ya rubuta tana hannuna har yau, kuma duk ranar da raina ya ɓaci nakan ɗauko ta. Shafin farko gaisuwa ce: aiki, iyali, gajiya, da yadda damina ta same su. A shafi na biyu ya bayyana aikin shekara goma da cewa "ɗan guntun rubutu ne na mai ƙarancin sani, wanda bai kai a ɓata wa manya lokaci a kansa ba." Game da masu karatu ya ce wannan sanin gaibu ne, sai Allah. Littattafan da suka riga nasa kuwa ya yabe su har wanda ya karanta zai ɗauka shawara yake ba kamfanin su sake buga waɗancan su ƙyale nasa. Babin da ya zaɓa shi ne mafi sanyi a littafin, don kada a ce ya kai mai kyau yana nuna kansa.

Madam Rahila ce ta buga masa ita a na'ura, kamar yadda ta buga masa littafin. 'Yar Filato ce, ta yi shekaru tana buga takardu a ofis kafin ta buɗe shagonta a Gusau, kuma bakinta ya fi yatsunta sauri. Tana gama shafi na biyu ta cire tabarau ta dube shi.

"Malam, wannan takardar neman buga littafi ce ko ta neman gafara? Laifin me ka yi musu?"

Ya ce, "Madam, ke dai buga. Yabon kai jahilci."

"To ai kai ka wuce rashin yabo, ka shiga zagi. Ni da ban iya riƙe fartanya ba na karanta littafin nan har miyata ta kama."

Amsa ta zo cikin ladabi. Editan ya ce tun da marubucin da kansa ya shaida cewa aikin bai kai ya kawo ba, ba su da hujjar musa masa. Malam Isiyaku ya karanta sau biyu, takardar dab da hancinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda aka ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. A wurinmu, in mutum ya kawo maka rago ya ce ga ɗan abin miya ba yawa, ba ka cewa to ya koma da shi. Shi ya yi nasa ladabin, yana jiran su yi nasu, su ce haba Malam, wannan ai babban aiki ne. Bai san waɗanda ke can ba su zauna a zaurenmu ba, kuma takardu irin tasa a gabansu sun fi ƙarfin haba Malam.

Damina ɗaya ta tafi a haka, idon kuma ba ya jiran kowa. Na same shi a gida na ce a sake rubutawa. Ya ce shi dai ba zai tsufa da roƙo ba. Na gaya masa a wasu ƙasashe marubuta suna da dillalai masu kai littafi wurin kamfani su yi magana a madadinsu. Fuskarsa ta washe.

"Ka ga mutanen da suka san ya kamata. Ko a kara, mai saniya ba shi yabon saniyarshi, dillali ka yi. To kai mi kake jira? Nahawun ga naka shi yi rana ɗaya mana."

Haka na zama dillali. Na yi kwana uku ina zuba kirari: gogaggen masani, aikin da ba a taɓa yin irinsa ba, taska ga al'umma. Ya sa na karanta masa, yana karɓar shafi yana soke kowace kalmar yabo da jar bironsa, har takardar ta koma kamar an yanka kaza a kai. Na fusata. Na koma gida na sake rubutawa ba sifa ko ɗaya, sai abin da ya faru kawai. Ya koyar da aikin gona har ritaya. Ya zauna da tsofaffin manoma shekara goma, yawancinsu yanzu sun rasu. Ya rubuta sunan kowane iri, da ƙasar da yake so, da gidan da ake samunsa. Masu buƙata su ne malaman gona, da ɗalibai, da manomin da ke sauraron ɗansa yana karanta masa. Littattafan baya sun yi magana a kan irin da aka kawo mana, wannan kuwa a kan wanda muka gada ne. Na cire babinsa mai sanyi na sa na geron da ke nuna da wuri.

Ya daɗe riƙe da biro a sama, yana neman inda zai sauke ta. Can ya ce, "Wanga dai duk an yi shi. In na soke, na yi ƙarya." Ya sa hannu.

Sun karɓa. Shafukan gwaji suka iso lokacin da ido ɗaya ya riga ya rufe, ya bi su da ɗayan da gilashin ƙara girman rubutu, layi bayan layi, har ya kama musu kurakuran da suka ba su kunya. Ya karanta littafinsa da idonsa daga farko har ƙarshe. Bangon ne kawai bai gani ba, don an ɗinke littafin bayan sadakar arba'in ɗinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da yaro zai rubuta shafi uku a waya ya kira kansa marubuci, manazarci, mai sharhi, duk kafin a ci abincin rana. Ina jin jar biro ɗaya ba za ta ishe shi ba. Amma ban tabbata zai yi musu dariya yadda nake yi ba, don ya ɗanɗana kuɗar ɗaya ɓangaren, ya ga cewa kunyar mara kunya asara ce, ta mai kunya ma wani lokaci haka take. Matasan da ke kawo mini takardunsu na neman a buga musu littafi, rabinsu sun cika ta da kirari, rabi sun cika ta da ban haƙuri. Duka abu ɗaya nake gaya musu, su faɗi abin da suka yi, da wanda zai amfana, su tsaya nan.

Abin da zai fi ƙona masa rai, ina tsammani, shi ne hanyoyin. Wasu ƙauyukan da yake shiga da babur shi kaɗai, yau sai an yi tambaya kafin a doshe su, wasu rumbunan da ya zauna a gindinsu ba kowa kusa da su. Da ya jinkirta aikin nan, ko kuma da kamfanin ya yi ta jiran takardar da ba ta zo ba, da babu wanda zai iya sake yin sa.

Bara, gabanin shuka, wani dattijo ya yi sallama a gidana a Damba. Ya baro ƙauyensu, ya samu aron 'yar gona kusa da gari, yana neman geron da ke nuna da wuri, irin na ubansa, wanda suka baro a rumbu. An ce masa akwai littafin da ya faɗi inda ake samu. Na ɗauko na karanta masa babin. Yana saurare yana gyaɗa kai, har na zo kan wani gida a Karakkai, ya ce ya san jikokin mai gidan, gobe zai tafi.

Da ya tashi sa takalmi ya ce, "Mai littahin ga shina nan?"

Na ce Allah Ya yi masa rasuwa. Ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya tambaya ko manomi ne. Na ce malamin makaranta ne.

Ya ce, "Malamin makaranta? To amma ya iya saurare."

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka masa kabarinsa.