Garin Maganin Inna

Ni da aka kora daga lakwal a aji biyar, na taɓa sa hannu a binciken jami'a, kuma na ɓata shi.

Lokacin ina kabu-kabu a Maraɗi. Wata madam mai binciken magunguna ta ɗauke ni aiki da damina, in kai ta Tibiri wajen masu maganin gargajiya. Tana karɓar ganye da saiwa, ta zuba kowane a takardarsa, ta rubuta sunan itacen da na mai shi. Ta ce za a jiƙa su, a tace, a gwada ruwan a kan ƙwayar cutar palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya yi aiki, sunan mai shi zai shiga littafi.

Nan na buɗe baki. Na ce duk tsofaffin nan wasa suke, innata a Jiratawa tana da garin maganin da ta raine mu da shi mu bakwai, masassara ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Madam ta ce in kawo.

Inna ba ta so. Itace uku take haɗawa: na san rai-ɗore, na san ɓawon maɗaci, na ukun ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Sai da na yi sawu uku kafin ta ƙulle mini kaɗan a tsumma.

A hanya tsoro ya kama ni. In garin ya faɗi fa, bayan cika bakin da na yi? Na tsaya farmasi a Sabon Gari, na sayi ƙwayoyin palu, na daka su da gindin kwalba, na gauraya. A ganina na taimaki tsohuwa. Har ina yaba wa kaina wayo.

Bayan wata biyu madam ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce na'ura ta ga maganin bature a cikin garin, don haka sun cire shi daga gwaji.

"Malam, tsohuwar ce ke zuba shi, ko wani ne?"

Na ce ni ne. Ta ce in sake kawo tsantsarsa, har da sunan itacen na uku, za ta gwada.

Na koma Jiratawa na faɗa wa Inna komai. Tana tsince wake, ba ta ɗago kai ba.

"Shekara nawa ka sha shi ka tashi? Kai ma ba ka yarda da shi ba, bare baƙuwa."

Ba ta sake ba ni ba. Na ce bari ta huce. Kafin wata damina ta rasu.

Yanzu in masassara ta kayar da ni, nakan dafa rai-ɗore da maɗaci, in sha ɗacin banza, sannan in lallaɓa farmasi in sayi ƙwayoyin nan.