Filtar Yaya

A sashen wankin ƙoda kowa Injiniya yake ce masa, ban da yayarsa. Ita har gobe Auta take kiransa, don ita ta goya shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinkinta ta kai shi koyon gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma injinan asibiti, ya yi furfura a cikinsu. Da ƙodarta ta gaza, shi ya kwantar da ita a gadon da ke kusa da taga.

Ƙasarsu babba ce, kuma tun fil azal 'yar ba-ruwanmu ce. Kowa nata ne, da kowa take ciniki. Shi ya sa injinan wankin suka zo daga wata ƙasa, filtocin da ke tace jinin suka zo daga maƙwabciyarta, don sun fi araha. Bakin wannan bai shiga na wancan ba, sai Injiniya ya sassaƙa musu mahaɗi na roba. Yakan bugi ƙirji ya ce shi ya ɗaura musu aure.

Kwatsam ƙasashen nan biyu suka kaure da yaƙi. Kowacce ta ce wa ƙasar su Injiniya ta fito ta faɗi inda take. Ina! Manya suka ci gaba da raba ƙafa, ranar ƙuri'a a zauren duniya wakilinsu ya naɗe hannu. Masu injin suka ji haushi suka daina aiko kayan gyara. Masu filta suka ce ga kaya nan jibge, amma bankuna sun ƙi wuce da kuɗin, jiragen ruwa sun ƙi zuwa. Kullum rediyo na yabon hikimar tsayawa a tsakiya. Wallahi da mai yabon ya leƙo ɗakin nan da ya rage murya.

Filta sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Da sito ya ƙare, Injiniya ya koma wanke su da magani, yana manna wa kowacce sunan mai ita. Doka ɗaya Sista, shugabar sashen, ta kafa: ba a sa wa wani ta wani, wanda ya rasu a jefa tasa a kwandon ƙonawa.

Filtar Yaya ta sha wanki har ta gaji, rannan ta tsage ana cikin aiki. Injiniya ya zaga asibitocin gari, ya roƙi 'yan kasuwa, ya durƙusa wa mutanen da bai taɓa gaisarwa ba. Babu. Ƙafafun Yaya suka kumbura kamar tulu, numfashi ya koma sai a zaune.

"Auta, ka ci abinci kuwa?" ta ce. "Dubi wuyanka. Ni ce marar lafiya ko kai?"

Ya yi dariyar dole, ya fita baranda ya yi kuka mai isarsa.

A gadon da ke gefenta akwai wani tsohon malamin makaranta, abokin hirarta, wanda jikinsa ya yi nisa. Filtarsa ce mafi sabunta a ɗakin. Injiniya ya tsinci kansa yana leƙa gadon nan safe da yamma, ba don gaisuwa ba. Ya tsani kansa, ya yi ta istigfari, amma bai daina leƙawa ba.

Da hantsi malamin ya cika. Ana ta salati, Injiniya ya bi kwandon ƙonawa ya zaro filtar. Sista ta tare shi a bakin famfo.

"Injiniya, ka san Malam yana da ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini. Wanki ba lallai ya kashe ƙwayar cutar ba."

"Na sani, Sista."

"To ni ban gan ka ba. Amma ka gaya mata, jininta ne."

Ya wanke, ya sake wankewa, har fatar yatsunsa ta yi fari. Ya zo ya tsuguna gaban gadon Yaya, ya kasa haɗa ido da ita. Ta dubi abin da ke hannunsa, ta dubi katifar gefenta da aka naɗe.

"Ta Malam ce?"

"Tasa ce, Yaya."

"Allah ya jiƙansa. To me ya hana ka sawa?"

"Yana da ciwon hanta. Ina tsoron in sa miki da hannuna. An ce za su sake zama a kan maganar jiragen. Ko mu ɗan jira?"

"Su da ke da ƙoda su jira." Ta tsaya ta nemo numfashi da ƙyar. "Shi ciwon hantar, yaushe yake kashe mutum?"

"Yakan ɗau shekaru."

Ta janye hannun rigarta, ta miƙo masa damtsen da allura ta gama huhhudawa.

"Shekaru? Kai Auta, wa ya ƙi? Sa mini."