Bindigar Nagoggo

A unguwarmu nan Daura babu wanda ke wasa da Maijidda mai ɗinki. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma idan ta riƙe ka a rai, to ka shiga uku. Ni maƙwabciyarta ce, na ga abin da ta yi wa Alhaji Mainasara, kuma har yau ban ji tausayinsa ba.

Mahaifinta, Malam Kalilu, manomi ne da ya gaji wata bindigar toka daga babansa Nagoggo, maharbin da ya yi suna tun zamanin En'e. Ta daina harbi tuntuni, shafa mata mai kawai yake yi. Shi kuwa Alhaji Mainasara, dillalin shanu a Kongolam, tara tsofaffin bindigogi yake yana jera su a falo don baƙi su gani. Ya ari ta Kalilu, wai zai nuna wa wani baƙo, daga nan ta zama tasa. Bayan wata biyar na je-ka-ka-dawo, Kalilu ya shiga falon ya sauke abarsa daga bango.

Shekara biyu ke nan da fara Shari'a, lokacin da kalmar sata ke iya raba mutum da hannunsa. Alhaji ya kai ƙara. Kalilu ba shi da shaida, Alhaji ya dafa Alƙur'ani ya rantse gadon gidansu ce. Alƙali bai yi hukuncin sata ba, ya dai ce a mayar wa Alhaji da bindiga. Amma gari ya riga ya yanke nasa. Ɓarawon bindiga, haka ake nuna dattijon nan da baki. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma sahun baya a masallaci, bai kai damina biyu ba ya rasu.

Ranar sadakar uku Maijidda ta ce mini, "Yaya Laraba, wallahi sai bakin da ya kira shi ɓarawo ya wanke shi."

Ta san En'e ta yi wa bindigogin maharba rajista, ana buga lamba a gindin kowace. Ta sa aka rubuta mata takardar neman kwafin rajistar, ta kai ofishin da ake ajiye tsofaffin kundaye. Aka ce mai makulli ya tafi ta'aziyya. Aka ce gara ta cinye. Aka ce ta gwada Katsina. Wani ma'aikaci har da cewa, "Hajiya, ina ruwan mace da bindiga?" Ta ce, "Ubana ne ke ciki." Shekara shida tana rufe keken ɗinkinta tana hawa mota, kwastomominta suna watsewa.

Alhaji da ya ji labari dariya ya yi, don ya riga ya sa kafinta ya kankare lambar. Abin da bai sani ba, malaman En'e ba lamba kaɗai suke rubutawa ba. Yadda ake siffanta saniya haka suke siffanta bindiga. Da aka zaƙulo kundin, ga sunan Nagoggo, ga kuma bayani: bakinta ya taɓa tsagewa, maƙeri ya ɗaure shi da zoben jan ƙarfe uku. Zobban nan kuwa su ne Alhaji ya fi nuna wa baƙi, yana cewa aikin kakansa ne. Rabin garin nan sun ji shi.

Tana karɓo kwafi da hatimi, sai ga Ya'u, ƙanin Alhaji, da bindiga a naɗe cikin tabarma.

"Don Allah, Maijidda, a rufa asiri. Ya tsufa, ga hawan jini."

"Mayar masa, Baba Ya'u. A gaban mutane ya karɓa. Ya ɗauko ta da kansa, da ƙafa, bayan an sauko Juma'a, ya tsaya ƙofar gidanmu ya faɗi mai ita. In ba haka ba, mu haɗu gaban alƙali a yi maganar rantsuwar ƙarya."

Dattawa sun yi ta zarya, ko gezau. Ranar Juma'a Alhaji ya taho da bindigar a kafaɗa, gumi na zuba, jama'a na biye. Ya faɗa a hankali. Ta ce daga cikin zaure ba ta ji ba. Ya sake, da ƙarfi: "Ta Kalilu ce. Ƙarya na yi masa."

Da aka watse na tarar da ita zaune, bindigar a kan cinyarta. Na ce yau dai zuciya ta yi sanyi. Ta girgiza kai.

"Ina fa, Yaya. Kowa ya ji, ban da Baba."